Ranar da Hankakin Gaɓa Suka Naɗe Fiffike

Zuwa ga Chizuru, sanyin idona, inuwar da na shiga kafin in san rana tana dukana, furen da ke buɗewa a tsakiyar hunturu lokacin da sauran itatuwa suka haƙura.

Kin san ni ba mai yawan magana ba ne. Waɗannan sunaye da na kira ki da su, sai da na auna su kamar yadda nake auna ƙarfin gada kafin in sa hannu a bar motoci su hau, kuma sun ɗauki nauyin. Amma bari in fara da aiken da kika yi mini. Ranar da kika rataya mini tawul ɗinki a wuya, kin ce in je wasan ƙarshe na ƙungiyar kiɗanmu ta Hankakin Gaɓa in zama idonki, in dawo miki da gaskiya ko da mai ɗaci ce. Ga abin da na gani, ba ƙari, ba ragi.

Sun sa wasan ranar Lahadi da rana, a ɗakin kiɗan nan na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Tenjin, domin yawancinmu 'yan sheƙa, wato mu masoyansu da muke bin su tun suna yi wa kujeru kiɗa, yanzu da 'ya'ya ake zuwa. Na tsaya a gurbinmu, jikin ginshiƙin hagu. Na bar wurin ƙafafunki fili, kuma duk da cunkoson, ba wanda ya yi yunƙurin cike shi. Kowa da baƙin tawul mai hoton hankaka a wuya. Ni kaɗai nake da biyu.

Abin da ya hana ki zuwa na san shi. Tun da Tamotsu mai jita ya kwashe kayansa ya koma can ƙarshen dandamali, nesa da Genta mawaƙi, ake ta raɗe-raɗin sun ɓata, kuma gabar ce ta kashe ƙungiyar. Kin ce ba za ki iya kallon mutanen da suka raini ƙuruciyarki suna yi wa juna murmushin ƙarya ba. To, kafin a kaɗa ko da tsirkiya ɗaya, Genta ya kama makirufo ya ce: "Jama'a, na ji ana cewa ni da wancan mai ƙaton kan ba ma ga maciji. Ku saurara da kyau, tunda ku kuna da kunnuwan. Nawa na hagu ne ya yi ritaya bai yi shawara da ni ba. Likita ya ce in na ci gaba da tsayawa kusa da lasifikar Tamotsu, na daman ma zai bi ɗan'uwansa. Shi ya sa ya koma can kamar mai mura."

Tamotsu ya amsa daga inda yake: "Kar ku yarda da shi, warin tafarnuwar bakinsa na guda." Aka kwashe da dariya. Fumie mai ganguna ta doki farantin ƙarfen da ke jikin gangunanta ta ce: "Ku yi mana shiru, tsofaffin banza. Tun kuna raba kwanon taliya ɗaya nake fama da ku." Sai Tamotsu ya sassauta murya ya ce an ba su shawarar su ɗauko wani mawaƙin su ci gaba, suka zauna su duka suka duba, suka ga ba inda za su samo mai muryar tsohuwar ƙofa irin ta Genta, don haka gara su sauka tare kamar yadda suka hau tare.

Daga nan suka yi kiɗa, irin wanda ake ji a haƙarƙari kafin a ji a kunne. Ba zan siffanta miki shi ba, kin fi ni saninsa. Abu ɗaya kawai zan faɗa. A waƙar ƙarshe, wadda kike rufe ido idan an zo amshinta, Genta ya ɓace wa kiɗan. Ya shigo kafin lokaci, ya tsaya, ya sake shigowa a makare. Na ga fuskarsa, ta mutumin da ke laluben ƙofa a ɗakin da ya girma a ciki. Sai Tamotsu ya ajiye jitarsa a ƙasa, ya taka dandamalin tun daga wancan ƙarshen, ya tsaya a damansa, ya ɗora masa hannu a kafaɗa yana buga masa lokacin da yatsu. Mu kuma muka ɗauki waƙar. Ba wanda ya ba da umarni. Ɗakin ne kawai ya buɗe baki, ya riƙe masa waƙar har ya samo hanyarsa ya dawo cikinta, muka kai ta gaɓa tare. Chizuru, wannan ba hannun maƙiyi ba ne. Na tsaya kusa, na duba da idon da nake neman tsaga a jikin siminti, ban ga tsaga ba.

Da suka gama, Genta ya ce zai koma garinsu Yame ya karɓi gonar shayin mahaifinsa. Ya ce: "Kun yi shekaru kuna mini ihu kyauta, to in ganye ya tsiro ku zo ku yi mini tsinka kyauta. Abinci dai akwai, kiɗa ne babu." Sannan ya ce ba za su dawo a ƙara waƙa ba, tafin Hakata, wanda mutanen garin nan ke rufe taro da shi, za a yi a tashi, kuma ba su za su ja shi ba, domin ba su kaɗai ke da ƙungiyar ba. Ya kira Inna Toyoko, dattijuwar nan mai sayar da ƙwan kifi wadda ba ta taɓa fashin wasa ba. Aka kama mata hannu ta hau. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce: "Yaran nan, kun cinye mini kunnuwa, kun cinye mini gwiwoyi, amma na yafe. Kowa ya fito da hannunsa." Ta yi kira, aka tafa biyu. Ta sake, aka tafa biyu. Ta yi na ƙarshe, aka tafa uku. Duk wanda ke ɗakin ya tafa har ƙarshe. Aka kunna fitilu, aka kashe lasifika, shiru ya sauka.

Nan aikena ya ƙare, nan kuma tawa maganar ta fara.

Kin tuna yadda na fara sanin wannan tafin? Ina sabon zuwa daga Sendai, 'yan sheƙa suka taru a rumfar taliya a bakin kogin Naka. Da aka tashi rufe zama, na buga tafi guda mai ƙarfi irin na mutanenmu, ni kaɗai, a wurin da kowa ya yi shiru. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ke ce kika juyo kina dariya, kika kama wuyan hannuwana biyu kika ce: "Malam injiniya, a nan ba a gaggawa. Biyu, biyu, sannan uku. Kuma ka sani, in an yi shi magana ta ƙare, ba mai sake tayar da ita." Yatsunki suna da sanyin kofin da kika riƙe. Har yau, idan iskar teku ta taɓa mini wuyan hannu, sai in waiga.

Tun daga ranar, duk haɗuwarmu a inuwar kiɗansu take. Shi ya sa da kika ba ni tawul ɗinki a kan gada kika tambaye ni abin da ni ma yake cina a ɓoye: "Shinsuke, ka tabbata ni kake so, ko zafin kiɗan ne yake ruɗarmu? In an kashe lasifika, me zai rage mana?" Na ce ki bar ni sai na ji shirun tukuna, domin ba na sa hannu a kan gadar da ban gwada ba. Kin yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonki ba. Da wannan tambayar na sauka matakalar ɗakin ranar Lahadi, kuma na fi jin tsoronta a kan duk abin da Genta zai faɗa.

Ya ke hasken safiyata, na ji shirun. Na tsaya a cikinsa har mutane suka fara watsewa, na saurara kamar mai sauraron ƙirjin majiyyaci. Gangunan sun tafi, jitar ta tafi, muryar tsohuwar ƙofa ta tafi, kuma me na tarar a wurin? Ke. Kamar yadda teku ke janyewa a bar dutse a fili, a gane ashe ba ruwan ne ke riƙe da shi ba, shi ne ruwan ke kewayawa. Ashe kiɗan rumfa ce da muka fake a ciki, ba shi ne ruwan saman ba, ba kuma shi ne ƙasar da muke tsaye a kai ba. Wane ne ya taɓa ganin an naɗe rumfa ƙasa ta bi ta? Wace gona ce ta daina tsiro don makaɗi ya yi shiru? Na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata wanda ban san tun yaushe nake ɗauke da shi ba, na hau matakalar nan na fito cikin rana kamar wanda zazzaɓi ya saki. Wayyo, da kina wurin kin ga yadda na tsaya a bakin titi ina murmushi ni kaɗai, da tawul biyu a wuya, masu wucewa suna kauce mini.

Ke ce ruwan farko da ke sauka a kan ganyen shayi. Ke ce fitilar tashar jirgin ruwa da ba ta ihu, amma duk mai dawowa ita yake nema. Ina son ki a cikin hayaniya, yanzu kuma na tabbatar ina son ki a cikin shiru, kuma na shirun ya fi zurfi, domin ba abin da ke taya shi. Idan mutanen da suka raba kwano ɗaya za su iya ajiye abin da ya haɗa su ba tare da sun ajiye juna ba, me zai sa mu mu kasa?

Ga roƙona, kuma guda ɗaya ne. Ki zo rumfar taliyar nan ta bakin kogi ranar Asabar da yamma, in mayar miki da tawul ɗinki hannu da hannu. Ba kiɗa, ba ginshiƙin da za mu jingina, sai ni da ke da tururin kwano. In ganye ya tsiro kuma, mu tafi Yame tare mu yi wa Genta tsinkar da ya nema. Ni dai na gwada gadar, na sa hannu, kuma ban taɓa janye hannun da na sa ba. Zan kasance naki a ranar kiɗa da ranar shiru, har kunnuwana su bi na Genta, har ya zama da yatsu a kafaɗa za ki riƙa yi mini magana.

Naki, wanda ba ya da wata gaɓar sai ke,

Kuroiwa Shinsuke

Gyara ɗaya. Na rubuta a sama cewa duk wanda ke ɗakin ya tafa har ƙarshe. Ba daidai ba ne. Ni na tafa biyun farko da biyu na biye, saboda Hankakin. Ukun ƙarshe ban yi su ba. Ke kika koya mini cewa da su ake rufe magana, kuma ba a rufe maganar mutum biyu alhali ɗaya ba ya nan. Suna hannuna, zan zo da su ranar Asabar.