Wayata Ta Riga Ni Sani

Lahadi, 2 ga Oktoba

Sun sake shafe garin da ruwan hoda. Allon shataletale, ƙofar kantin magani, har ledar burodi. Watan sankarar mama. To, na rubuta sunan, Allah ya raba mu. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba wanda ya ambace shi a gidanmu, sai dai a ce "ciwon nan" a sunkuyar da kai.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Umm Fawwaz maƙwabciyata ta shigo da ƙyallen nan ruwan hoda na watan sankara maƙale a ƙirji kamar lambar yabo. Wai matan garinmu Irbid duk sun duƙufa a waya suna bincike. "Ke Umm Ziyad, ba ki duba ba? Gwajin kyauta ne fa, ke da kike son banza!" Na ce lafiyata lau, ta je ta ji da hawan jininta. Muka yi dariya.

Ban gaya mata ba. Ban gaya wa kowa ba. Tun bazara wani ɗan abu yake nan a ƙirjina, gefen hagu wajen hammata, kamar ƙwallon zaitun. Ba ya ciwo. Abin da ba ya ciwo ai ba ciwo ba ne.

Talata, 11 ga Oktoba

Wayata ta cika da tallan asibitoci. Ta kowa ma haka take, na sani.

Asabar, 15 ga Oktoba

Mun wuni a gona muna kaɗe zaitun. Mijina Nayif ya hana ni ɗaga buhu. Mutumin da shekara da shekaru bai taɓa cewa sannu da aiki ba! Na ce, "Abu Ziyad, tsufa kake gani a jikina?" Ya ce, "Surutunki dai bai tsufa ba." Ya ɗauke buhun bai dube ni ba.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Yau na tsorata, tsoro na gaske. Bayan azahar na ce bari in tambayi wayar sau ɗaya, don in kashe maganar. Na rubuta "ƙullutu" kawai. Kafin in ƙara harafi ta ƙarasa mini da kanta: ƙullutu a gefen hagu kusa da hammata, ba ya ciwo, mace mai shekara arba'in da bakwai.

Shekaruna ke nan. Ban taɓa rubuta wannan a waya ba. Ban taɓa furta shi ba, ko a cikin sujada.

Na kife ta a kan tebur, na rufe ta da tawul ɗin kicin. Na karanta Falaƙi da Nasi. Har magariba ina jin kamar akwai mutum a ɗakin.

Talata, 1 ga Nuwamba

Sun sauke allunan, an maye su da tallan hitar ɗumama ɗaki. Umm Fawwaz ta cire ƙyallenta, ta ce wayarta ta koma nuna mata tukwane da labule. Gari ya manta. Tawa ba ta manta ba.

Juma'a, 4 ga Nuwamba

Kullum in na buɗe sai in tarar da sabuwar tambaya tana jirana, kamar ni na yi ta. Idan ya ƙara girma cikin wata uku. Ko ana gadonsa daga uwa. Ko gashi yana dawowa.

Ya ƙara girman, gaskiya ne. Wa ya gaya mata?

Na daina shiga da ita ɗakin kwana. Banɗaki ma sai na bar ta a falo nake cire riga.

Talata, 8 ga Nuwamba

Ta yau: shekara nawa ake yi in ba a yi magani ba. Ban danna ta ba. Ban ci abinci ba.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Na kira 'yata Dima a Amman, na ce wayata tana rubuta abubuwa da kanta. Ta yi ta dariya. "Haba Umma, wane aljani? Ai da imel ɗaya na buɗe muku, ke da Baba. Duk abin da ya nema sai ya fito miki. Me yake nema, kuɗin taki?" Na ce eh, taki.

Na ajiye wayar, na sake ɗauka. Akwai wata sabuwa, ta safiyar nan, lokacin yana wurin matsar man zaitun: yadda miji zai gaya wa matarsa ba tare da ta tsorata ba.

Ashe hannunsa ya sani. Tun yaushe? Yana zaune gabana kullum yana tsoma burodi a mai, yana ƙorafin gishiri. Na ji haushinsa. Daga baya na yi kuka, shi na tausaya wa, ba kaina ba.

Alhamis, 10 ga Nuwamba

Ya dawo, na zuba masa mujaddara, muka yi maganar ruwan sama. Na buɗe baki sau biyu, abin ya ƙi fita.

Da ya fita sallar la'asar na ɗauki wayar. Na rubuta a hankali, harafi harafi: asibitin da ake gwajin mata ranar Lahadi da safe. Ban karanta amsar ba. Ba don ita na rubuta ba.

Lahadi, 13 ga Nuwamba

Na fito shanya na tarar ya wanke mota, ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Yana goge gilashin da ya riga ya goge.

"Ina da 'yar hidima a cikin gari," in ji shi. "In za ki raka ni."

Na ce dama ina son sayen zare.

Ba wani abu ba ne, zare ne kawai. Na koma ciki na canja kaya, na sa riga mai maɓallai a gaba.