Jan Biro a Kan Taswirar Auta

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya karatu, yaya jarrabawa? Ina fata kina cin abinci a kan lokaci, ba shayi kawai kike ɗura wa cikinki ba. Mu nan kowa lafiya. Babanki yana gaishe ki, kakarki ma, ƙafarta ta yi sauƙi.

Saƙonki ya isa. Na kai takardunki ofishin tsara birni ranar Alhamis kafin su rufe karɓa, da takardar neman gurbin koyon aikin, da ta makaranta, da babbar taswirar unguwarmu da kika zana lokacin hutu. Sun buga hatimi sun ba ni 'yar takarda, na adana ta. Matar da ta karɓa ta ce ɗalibai shida kawai za su ɗauka, na tsawon wata shida, kuma taswirar ce abin da suka fi dubawa.

To, a nan maganar take. Da na iya kiranki a waya, amma idan na ji muryarki ba za ta fito ba.

Ranar Laraba na ciro taswirar daga bayan katifa don in kakkaɓe ta. Na ce bari in buɗe in ga abin da kika yi sati uku kina sunkuye a kai. Auta, na ga gidanmu! Na karanta sunan layinmu da kaina, ba wanda ya taya ni. Daɗi ya kama ni, na leƙa na kira maƙwabtanmu, mai ɗinki da matar direba, su zo su gani. Muka shimfiɗa ta a tsakar gida, muka danne kusurwoyin da kofuna.

Mai ɗinki ce ta fara cewa ai lungun bayan injin niƙa ba a toshe yake ba, tun da katangar ta faɗi kowa ta nan yake bi zuwa asibiti. Matar direba ta sa yatsa a kan famfon bakin titi da kika yi wa shuɗin ɗigo, ta ce, “Wannan? Rabonsa da ruwa tun ina da cikin na uku.” Ni kuma na ga inda kika ce a yi wurin tsayawar mota, daidai inda ruwa yake kwanciya har gwiwa da damina. Na ce kada manya su gani su ce 'yata ba ta san unguwarsu ba. A ajinmu na karatun manya, idan Malama ta ga kuskure jan biro take sawa ta gyara. Ina da irinsa. Na ɗauko.

Wuri tara na gyara, da rubutuna, kin san girmansa. Sai da na dawo daga ofishin nake ba babanki labari ina murna, ya ajiye cokali ya ce ita fa wannan takarda kamar jarrabawa ce, ba a taɓa ta. Sai a lokacin na gane abin da na yi.

Ki yafe mini. Ki faɗa mini abin da zan yi.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Umma

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata an gama jarrabawar lafiya. Kakarki tana tambaya ko har yanzu kina tarin nan.

Da kika kira kika ce “To, Umma” kawai, na gane. Gara a ce faɗa kika yi mini. Kwana biyu ina zuba gishiri sau biyu a miya, har babanki ya ce idan ba a ɗauke ki aikin nan ba shi ne zai fara kwanciya asibiti.

Kada ranki ya ƙara ɓaci, amma na koma ofishin. Na ce laifina ne, ni ya kamata in je in faɗa da bakina. Na sa mayafina mai kyau na tafi tun da safe. Ofishin a hawa na biyu yake, doguwar baranda da benci, bango duk taswirori, har da wani ƙaramin gari na katako a cikin gilashi, da 'yan bishiyoyi kamar tsinken ashana. Yara sa'anninki sun cika bencin suna karanta allon sanarwa. Ni ma na tsaya na karanta miki, a hankali, har wata ta matsa mini. Akwai wani gurbi a sashen zirga-zirgar motoci, da tallafin ƙaro karatu ga wanda ya gama da sakamako mai kyau, da masu neman ɗalibai su ƙirga gidaje. Na kwafe su duka a bayan wannan takarda, ko da wannan bai yiwu ba.

Sakatariyar ta ce, “Mama, ba a ganin shugaba sai da alƙawari.” Na ce zan jira. Na jira har masinja ya gaji da ganina ya kawo mini ruwa. Wajen azahar wata mata ta fito da tabarau a goshi, sakatariyar ta ce ga wata baiwar Allah ta ce ta ɓata takarda. Ina cewa jan biro, matar ta ce, “Au, ke ce!” Ashe ita ce shugabar. Ta ja ni ciki.

Auta, taswirarki tana shimfiɗe a kan teburinta, ita kaɗai. Na ce mata duk abin da yake baƙi mai kyau naki ne, duk jan da ya karkace nawa ne, kada a hukunta yarinya. Ta ce sun yi kwana uku suna gardama ko wane malami ne wannan mai rubutu kamar na allon talla. Ta kira wani injiniya mai sanƙo. Shi bai yi dariya ba, ya ce doka ta ce aikin ɗalibi shi kaɗai. Sai ta tambaye ni ta yaya na san zurfin ruwan bakin titi. Na ce ai da ƙafata na auna, shekara ashirin. Ya ce a takardunsu famfon nan yana aiki. Na ce to ya zo da bokiti.

Ba ta yi mini alƙawarin komai ba. Ta ce za su kira ki ganawa ranar Litinin, za su tambaye ki a kan jan da baƙin duka. Ki zo da wuri, na wanke miki zanen gado. Idan har yanzu kina fushi, ki zo da fushin, zan karɓa.

Taki,
Umma

Zuwa ga ma'aikaciya Auta,

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da komawa makaranta lafiya. Yaya gajiyar hanya?

Na san sun kira ki sun faɗa miki, amma sai da na je na gani da idona. Sunanki ne na huɗu a allon. Na karanta shi sau uku, na sa masinja ya karanta sau ɗaya, don kada a ce ɗoki ne ya rufe mini ido. Shugabar ta hango ni ta taga, ta kira ni. Ta ce abin da ya ba ki gurbin shi ne ba ki kare kanki ba: kin yarda da gyara bakwai, kin ce a tsohuwar taswirar ofis kika dogara ba ki tambayi mutane ba, sannan kika nuna musu biyu da ni na yi kuskure. Biyu, Auta! A gaban mai sanƙo! Ba komai, mai ɗinki ce ta sa na rubuta ɗaya.

Yanzu ga halin da nake ciki. Unguwa ta ɗauka ni ma a ofishin nake aiki. Tun safe ake sallama, wannan kwatarsa ta toshe, wancan bola ta cinye masa ƙofa. Mai shago har “ranki ya daɗe” yake ce mini. Ina rubuta koken kowa a littafi, na kai shafi biyar, suna jiranki ranar ɗaya ga wata da za ki fara aiki.

Saura magana ɗaya. An ce aikinki na farko shi ne ki sake auna unguwar nan da tef, gida gida. Rumfar da babanki ya kafa a ƙofarmu ta ci titi da taku biyu, ni da shi mun sani, kuma ba ta cikin gyarana. Jiya na faɗa masa ba zan bari ki fara aiki da kawar da kai ba. Ya yi ta gunaguni yana cewa ya haifi hukuma da kansa. Amma da safen nan na ji shi yana tambayar maƙwabci aron tsani.

Ki fara awon daga ƙofarmu. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Umma