Gwajin Jinin Baba

Alƙahira

Yaya Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba? Ya Inna da mutanen Unguwar Dosa?

Ina lafiya, karatu na tafiya, sai dai abinci ya ƙi ciyuwa tun da kika turo min sakamakon gwajin jinin Baba. Sinadarin da ya hau ɗin nan, shi nake aunawa kullum a jinin masu kansar huhu. Da ya ce min a waya, "Likitata, me kika gani?" sai na ce ba na jin sa, na kashe. Wallahi kunya ta hana ni sake kira.

Jini kaɗai ba ya tabbatar da cutar. Don Allah ki kai shi hoton ƙirji, kada ku jira ni. In za a shiga da shi, ki riƙe masa hannu a madadina.

Allah Ya ba shi lafiya.

Ƙanwarki,
Umaima