Goron Da Aka Maido Mani

Unguwar Gobarau, Katsina.
Watan Yuni, 2000.

Zuwa ga ɗana Yahaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya tsare ku a garin mutane, ya sa wa nema albarka. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, an yi shuka, ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi har tana takawa zuwa Babbar Kasuwa da kanta.

Na so a ce murna zalla zan rubuto maka. Ka san 'yarka Zainab ta daɗe tana auna ruwan rijiyoyin Batagarawa, ta rubuta abin da ta gano, ta aika wa wata mujallar masana da ake bugawa a garin da kake. Ran da ta ce mani sun amsa za su duba, tuwo ma kasa ci na yi don daɗi. Ni da ban iya rubuta sunana da boko ba sai da furfura ta fito, a ajin yamma na yaƙi da jahilci, ga shi jikata za ta shiga littafin da malamai ke karantawa, da sunana a bayan nata. Har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya cika. To, murnar nan ce ta kai ni inda bai kamata ba.

Ashe ƙa'idarsu ita ce su cire sunan marubuci, su ba wani masani aikin ya tantance, shi bai san mai shi ba, mai shi bai san shi ba. Baffanka Babaji, da yake masinja ne a kwalejin da take koyarwa, ya ga takardu masu zanen rijiyoyin Batagarawa a teburin wani Dokta Markus, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a garin nan. Ya zo ya ce mani tun da mulki ya dawo hannun farar hula kowa da nasa yake tafiya, wanda ba shi da mai kai masa gaisuwa shi ake bari a baya. Na ce ni ba roƙo zan je ba, amma mutumin da aikin jikata ke hannunsa ai ya kai a gaishe shi. Na sayi goro mai kyau da turare, muka tafi bayan la'asar.

Ya karɓe mu da mutunci, ya kawo ruwa, muka gaisa sosai. Ina ambaton Zainab fuskarsa ta canja. Ya ce da ma ban faɗi sunan ba, don yanzu amana ta hana shi ci gaba, dole ya mai da aikin ya kuma gaya wa editan dalili. Na rantse masa ba ita ta aiko mu ba. Ya ce shi ya yarda da ni, amma editan bai san ni ba, bai kuma san abin da goro ke nufi a Katsina ba. Da hannunsa ya ɗauko mani goron har ƙofar gida yana ba ni haƙuri.

Yanzu mujallar ta dakatar da aikin, suna bincike ko ita ce ta nemi alfarma. In suka yanke haka sun rufe mata ƙofa, kuma da wannan aikin ne kwaleji za ta tabbatar mata da kujerarta. Garin neman gira ke nan. Zainab ta zo, ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa, babu tsokanar nan da ta saba yi mani ta tsohon mijinta mai rowa. Ta ce in rubuta yadda aka yi da hannuna, za ta mai da shi Turanci ta haɗa da nata bayani. Na rubuta, na ba ta. Har yanzu mujallar ba ta ba da amsa ba.

Ga dalilin takardar nan. Babaji ya ce tunda kana kusa da su, a sa ka ka je ka ga editan. Na san halinka, nawa ka ɗauko. Yahaya, ban yarda ba. Kada ka je, kada ka aika, ko titin ofishinsu kada ka bi. Aikinta in mai kyau ne ya ishe ta. Ka rubuto mata ka ƙarfafa ta, ka bar sauran ga Allah.

Goron yana nan a ɗakina cikin ganyensa, kullum da safe ina yayyafa masa ruwa. Ba zan ci ba, ba zan ba kowa ba. In amsa ta zo da alheri, Zainab ce za ta raba shi, in ta yarda ta karɓa daga hannuna.

Ka gai da Hafsat da su Audu. Mahaifiyarka na gaishe ku.

Ni ne mahaifinka,
Malam Lado.