Nicanor Ya Yi Kuka, Ya Samu Takarda

Zuwa ga matata, tsohuwata Eufrosina,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafarki, yaya 'yarmu Hilaria da jikoki? Allah ya raya su. Ni lafiya lau, bayana ne kawai yake ɗan ƙorafi wajen tsinkar tumatir.

Shekara shida ke nan maganar abokina Nicanor tana ci mini rai. Tare wani ɗan kwangila ya kawo mu Florida ta Amurka, ya ƙwace mana fasfo, ya kulle mu a ɗaki ɗaya. Har dukan da aka nufi Nicanor da shi, ni na tare. Da 'yan sanda suka fito da mu, wata lauya ta ce akwai takardar zama ga waɗanda aka yi safararsu, in sun ba da shaida. Ta ce, "Baba Tiburcio, tsoro ne ya hana ka gudu?" Na ce, "'Yata, ban taɓa tsoron ɗan Adam ba." Na ɗauki hulata na fita. Nicanor kuwa ya zauna ya yi ta kuka, ya faɗa mata komai.

Yanzu yana da takarda, har ya kawo matarsa. Ranar Lahadi na tarar tana gasa masa tortilla, gurasar masara irin ta gida. Ya ce, "Kai dai ci gaba da jarumta, aboki." Na dawo na buɗe gwangwanin wake.

Lauyar ta aiko in koma, a duba ko da sauran dama. Sau uku ina tambayarki, sai ki ba ni labarin awaki. In na faɗa mata na ji tsoro, don na ji ɗin, da wane ido za ki dube ni? Wannan karon ki amsa mini.

Mijinki,
Tiburcio