Baba ya hana a canza sistem ɗin ordinatar, sai yanzu na gane dalili

Saƙo daga wata 'yar'uwa, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin wani ya ce ai wannan maganar mai gyara ce, don mai gyaran ma na je wurinsa, ta fi ƙarfinsa.

Ni mace ce, a Akokan nake zaune kusa da Arlit, asalinmu Damagaram. Mahaifina ya daɗe yana aiki a ramin ma'adinai, shi ne mai kula da ɗakin fitilu, duk wanda zai sauka ƙarƙashin ƙasa a hannunsa yake karɓar fitila, in ya hawo ya maido masa ya rubuta. A nan ya koyi aiki da ordinatar, wato kwamfuta kamar yadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa. Da aka rufe ramin a 2021 abokansa da yawa suka kwashe kaya suka koma garuruwansu, shi ko ya ce ba inda za shi, ya kama ɗan shago muka buɗe wurin buga takardu, wasiƙar neman aiki, dosiyen retiret wato takardun fansho, katin suna da na aure, da fotokopi. Tebur ɗaya ne, ordinatar ɗaya, amfirimanti wato firinta ɗaya. Da safe tsofaffin ma'aikatan rami ke zuwa, Baba ke buga musu suna shan shayi ana hira, in an yi azahar sai ni in hau kujerar.

Ordinatar ɗin nan tsohuwa ce ta gasken gaske, in ka kunna ta sai ka ɗora shayi ya tafasa kafin ta buɗe ido. Duk da haka muna lallaɓa ta, har aka wayi gari komai ya koma intanet. Rajistar jarrabawa intanet, tura dosiye intanet, neman aiki intanet. Ita kuma tsohon sistem ne a kanta wanda aka daina yi wa gyara, shafukan sai su ce ba su yarda da ita ba. Mutum ya zo da takardunsa a hannu yana gumi, in yi ta dannawa tana juyawa, ƙarshe in ce masa ya yi haƙuri, ya hau kabu-kabu ya tafi cikin Arlit. Wallahi ranar da wata mata da ta fita takaba kwanan nan ta zo da dosiyen mijinta na kasa tura mata, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na kira Agali mai gyaran ordinatar. Ya buɗe ta ya hure ƙura ya yi dariya, ya ce Hajiya wannan ba za ta ɗauki sabon sistem ba, memwar ɗinta wato ƙwaƙwalwarta ta yi kaɗan, kuma akwai wani ɗan ƙarfen tsaro da sabon ke nema wanda babu shi a cikinta. Ya ce akwai dabarar da ake tilasta mata, amma kamar ka ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi ne, zai tashi amma ba zai kai kasuwa ba. Ya kuma sa kunne a jikinta ya ce in saurara, na ji tana ƙas-ƙas, ya ce faifanta ne ke mutuwa, da wuya ta ga ƙarshen zafin bana. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Na faɗa wa Yayana da ke Yamai, Allah ya saka masa, bai yi wata-wata ba ya sako sabuwa a bas da sabon sistem a kanta. Ni a zatona Baba zai yi murna. Ina, ya kafe kai da fata, ya ce ba mai taɓa masa ordinatar, ba mai canza masa komai, ranar da sabuwa ta hau teburin nan ranar zai bar shagon. Na yi lallashi, na kawo masa misali da wayarsa da motar zamani, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Na ce Baba zuma daban ordinatar daban, ya ce to na fi shi sani tunda ni na haife shi. Da yake sunan mahaifiyarsa gare ni Uwata yake ce mini, amma ranar da sunana na yanka ya kira ni, abin da ban taɓa ji a bakinsa ba. Muka yi kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ce a zuciyata tsufa dai bai yi ba, mutum ya ga abinci na guduwa daga bakinsa ya zauna yana rigima a kan akwatin ƙarfe.

Sabuwar tana nan a kwalinta ƙarƙashin gadona, sati uku ke nan. Yaya kullum sai ya kira, an haɗa? In ce ba a haɗa ba, ya hau ni da faɗa, wai ni ke shagwaɓa Baba, wai in jira ya tafi masallacin Juma'a in canza kawai, in ya dawo ya gani zai yi fushin kwana biyu ya huce. Shi da ke Yamai komai mai sauƙi ne a waya.

To ga abin da ya sa na rubuto. Kafin a san abin yi, Agali ya sa mini wata 'yar manhajar shiga intanet a tsohuwar ko za ta ɗan taimaka. Da ya sa ta sai ta hau can saman jerin abubuwan da ke fitowa in an danna maɓallin farawa, duk sauran suka sauka da layi ɗaya. Ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Ya kamata in faɗa muku, Baba ba ya amfani da ɗan abin hannun nan da ake ja ana nuni, komai da maɓalli yake yi, ya danna na farawa, ya danna ƙasa sau uku, ya shiga, ya hau rubutu yatsu goma kamar ruwan sama a kan kwano. Da wannan nake yi wa ƙawayena alfahari, in ce Babana ya fi 'yan buro, ma'aikatan ofis, iyawa.

Washegari da safe Baba Illa ya zo, abokin Baba ne tun zamanin rami, yana son wasiƙa zuwa ga ɗansa. Ya zauna a bencin da ke fuskantar Baba, bayan ordinatar kawai yake gani. Ni ina tsaye bayan Baba ina jera takardu. Baba ya danna nasa kamar kullum, ƙasa sau uku, ya shiga. Sai ga wasan karta ya buɗe ya cika fuskar ordinatar, kore shar da katunan a jere. Na buɗe baki zan yi dariya, don Baba mutum ne da ko a waya ya ga karta sai ya yi wa'azi. Amma bai motsa ba. Ya gyara tabarau, ya ƙura wa katunan ido, ya ce bismillah Illa faɗi ina ji, ya hau bugawa. Baba Illa na faɗa, shi yana bugawa yana gyaɗa kai, har ya tsaya ya ce a'a wannan kalmar ba ta zauna ba, ya goge ya sake. Babu harafi ko ɗaya da ke fitowa. Ya buga wasiƙa guda cur a kan karta, yana kallonta.

Nan take abubuwa suka dinga dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yadda duk takardar da ya fitar sai ya miƙo mini da wasa ya ce Uwata duba mini, malamin makaranta ma ana duba masa. Yadda yake karanta wa waɗanda ba su yi boko ba wasiƙarsu tiryan-tiryan, ashe daga ka yake karantowa. Yadda ya hana a gusar da ko kofin shayinsa daga inda yake ajiye shi. Ni da nake zaune da shi wuni guda, nake kiransa mai taurin kai a zuciyata, ban taɓa lura ba. Ashe Baba ba ya ganin abin da ke fuskar ordinatar, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Da ya danna a fitar amfirimanti ta yi shiru, ya fara faɗa wai ta lalace. Na yi maza na ce kuran ne, wutar lantarki, ya ɗan ɗauke, aikin ya ɓace, bari in sake kunnawa. Na rufe kartar, na cire manhajar Agali daga jerin, komai ya koma mazauninsa, ya sake bugawa ta fita lafiya lau ba kuskure ko ɗaya. Na shiga bayan shago na yi kuka na wanke fuska na dawo.

Da Baba Illa zai tafi na raka shi bakin hanya, ina ta kame-kame, na ce Baba Illa ko ka lura da idon Baba kwanan nan? Ya tsaya ya dube ni ya ce, 'yata, sai yau kika sani? Ya ce su duk sun sani, ya fi shekara, don yanzu sai mutum ya yi magana yake gane shi. Na ce to me ya hana ku faɗa mini? Ya ce, mu a ƙasa in fitilar mutum ta mutu ba a shelantawa, don in shef shugaban aiki ya ji sai a ce sakacinka ne, na gabanka zai rage tafiya ya ba ka kafaɗa ka dafa har ku fita, kuma a waje ba mai tada maganar. Ya ce mutumin da ya yi shekaru yana ba mu fitila, mu ne za mu ce masa tasa ta mutu? Ya ce wasu wasiƙun ma da suke kawowa ba wata bukata gare su ba, a waya za su iya faɗa wa 'ya'yansu, suna zuwa ne dai don ya buga.

To kun ji inda nake, gaba kura baya sayaki. Na san wasu za su ce ki ajiye biyun mana, shi da tsohuwa ke da sabuwa. Na yi wannan tunanin, amma tsohuwar kwananta ya ƙare, ko jiya sau biyu ta mutu da kanta, in na bar shi da ita ranar da ta tafi gaba ɗaya a gaban abokansa za ta tafi. Na koma wurin Agali ban faɗa masa dalili ba, na ce za a iya shirya sabon sistem ya zama kamar tsohon? Ya ce za a iya kusantawa, har ma akwai abin da ke karanto rubutu da murya, amma jerin ba zai zama ɗaya ba, dole mai aiki da ita ya zauna a koya masa daga farko. Kun ga ke nan sai na zaunar da Baba na kama hannunsa na ce nan ne kaza, nan ne kaza, wato sai na nuna masa na san ba ya gani. Shi kuma duk wannan rigimar don kar in sani yake yi.

Zancen likita kuwa na san shi za ku fara kawowa, ni ma shi ne a raina. Amma wansa ya taɓa zuwa aikin ido bai dace ba, tun daga nan Baba ba ya son a ambaci likitan ido a gabansa. Kuma ta yaya zan ce mu je likita ban ce na gane ba? Yaya ma ban faɗa masa ba, don na san halinsa, yana ji zai ce a rufe shago a sako Baba a mota zuwa Yamai, ya je ya zauna a falo yana sauraren rediyo. Wanda ya ƙi barin Akokan da aka rufe rami, in aka raba shi da teburin nan da abokan nan ban san me zai rage masa ba. Haushin kowa nake ji, Yaya da wayarsa, masu yin sistem da ba su san da irin Baba a duniya ba, Baba da zurfin cikinsa, ni kaina da idona biyu ban ga komai ba.

Agali ya ce Asabar zai zo ya kwashe takardunmu daga tsohuwar kafin faifan ya mutu da su, in na yarda ya haɗa sabuwar a lokaci ɗaya. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba.

Yau da safe ina share shago, Baba na zaune a kujerarsa ya ɗora hannu a kan maɓallai bai kunna ba. Sai ya ce ba tare da ya juyo ba, Uwata, wannan sabuwar taku, in mutum ya danna ƙasa sau uku ina yake faɗawa? Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na ce ban sani ba Baba. Ya ce to, ya kunna tsohuwar.

Don Allah 'yan'uwa, musamman masu tsofaffi a gida, ku faɗa mini. In fito fili in ce Baba na sani, in kama hannunsa in koya masa sabuwar, ko da zai ji kunyar da yake gudu fiye da shekara? Ko in bi hanyar su Baba Illa, in yi shiru in bar shi da tsohuwar har ranar da ta mutu? Kuma tambayar nan da ya yi mini, ku a ganinku tambayar ordinatar ce, ko kafaɗa yake nema ya dafa ni kuma na ce masa ban sani ba? Kwana biyu ya rage Asabar.