Saboda lambun Turawa na kashe ceɗiyar kakana

Assalamu alaikum mai kula da shafi, da ku 'yan uwa masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana da na garinmu, a bar shi a kan wani ƙauye ne a ƙasar Kiru, ta wajen Ɗansoshiya. Ina roƙon ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagi kuwa duk wanda za ku yi mini na riga ku, kullum sai na yi wa kaina. Shawara nake nema, kuma daga yau zuwa Juma'a kawai nake da lokaci.

Ni malamin Turanci ne a wata sakandare, shekaruna talatin da shida, da mata da 'ya'ya biyu. Tun ina ɗalibi Allah ya jarabce ni da son duk wani abu na Ingila. Ba ƙwallo nake nufi ba, ni 'yan gidan kallon ƙwallo ma raina su nake yi, ina ganin ihu kaɗai suka iya. Finafinan Amurka kuma a wurina harbe-harbe ne da hayaniya. Ni ku ba ni shirin da za a yi ta'asa a wani ɗan ƙauye mai tsit, ɗan sanda mai sanyin murya ya yi ta bi gida-gida yana tambaya har ya gano mai laifi. Ko na gidajen masu sarauta na da, masu dogon teburi da barori a jere. Ko gasar gasa kek, inda wanda aka kayar zai je ya rungumi wanda ya kayar da shi. Na haddace tashoshin jirgin ƙasa daga Landan har Sikotilan, na san inda zan sauka in canza jirgi, na san garin da zan kwana in tashi in kalli tumaki a kan tudu cikin yayyafi. Alhali iyakar tafiyata a duniya Jos ce, ita ma bita aka tura mu ta kwana uku. Ƙarfe huɗu na yamma sai na sha shayi a ɗan kofi mai faranti, ko da ana zafin da kaza ke buɗe baki. A gari Bature ake ce mini. Na san zolaya ce, amma wallahi daɗi nake ji.

Duk wannan bai cuci kowa ba. Wanda ya kai ni ya baro shi ne shirin lambu. Za ka ga tsoho da matarsa sun shimfiɗa ciyawa kore shar a ƙofar gida, an aske ta daidai wa daida, furanni a gefe, fararen kujeru biyu a tsakiya. Ni kuma in na ɗaga kai daga waya, me zan gani? Kashin awaki, turmi a kife, igiyar shanya. Sai na fara jin ƙyamar gidan da aka haife ni a ciki. Ku ji fa, ƙyama. Da na gina nawa sashen a jikin gidanmu, sai na kewaye ɗan filin gaba da waya, na sayo irin ciyawa daga Kano, na kawo taki, na sayi fararen kujeru biyu na roba.

Matsalar ita ce ceɗiya. A ƙofar gidanmu akwai wata ƙatuwar ceɗiya da kakana ya dasa da hannunsa. 'Ya'yansa maza biyu ne suka rage, mahaifina da ƙaninsa da muke kira Baffa, kowa da sashensa amma zaure ɗaya. A gindin bishiyar nan aka ɗaura auren kowa a gidan har da ni, a nan aka yi wa kakan nawa sallah. Kullum bayan magariba kwanon tuwo zai fito daga sashen Baba, wani ya fito daga sashen Baffa, su haɗa su ci tare a kan tabarma ɗaya. Tun suna samari suke haka, ban taɓa ganin sun fasa ba sai in ɗaya ba shi da lafiya, shi ma ɗayan ɗaukar kwanonsa yake ya bi shi ɗaki. To rassan bishiyar nan sun rufe filina ruf. Sau uku ina shuka ciyawa tana fitowa rawaya ta mutu. Tsuntsaye da jemagu su ci 'ya'yan su yi mini kashi a kan kujeru. Na taɓa yi wa Baba maganar a rage reshe biyu, ya dube ni ya ce ciyawar da mutane ke wahalar cirewa a gona ita nake so a sare inuwa dominta? Dattawan da ke wurin suka yi ta dariya, ɗaya ya ce Bature zai fara kiwon zomo. Na yi murmushi, amma abin ya tsaya mini a rai.

A wani shirin lambun ne na ga yadda suke kashe kututturen da ya ƙi mutuwa: a huda shi, a ɗura maganin kashe ciyawa ba a sirka ba, a toshe. Su kututture suke yi wa. Ni rayayyar bishiya na yi wa. Farkon daminar nan aka tafi ɗaurin aure Bebeji, gidan ya watse maza da mata, ni na ce kaina ke ciwo. Da rana tsaka na ɗauko ƙatuwar ƙusa da guduma na huda manyan saiwoyin ta ɓangarena. Akwai galan ɗin maganin feshi da Baffa ya saya don gonar masararsa, yana ajiye a lungun zaure. Na ɗura shi tas, na toshe ramukan da taɓo, na mayar da galan ɗin inda na ɗauko. Na gaya wa kaina rassan ɓangarena kawai za su bushe. Ni da na yi karatu, ban san saiwa ɗaya ce ba? Na sani sarai. Na wanke hannu na dafa shayi na sha, kuma ba zan ɓoye muku ba, a ranar ji na yi na yi wayo.

Bayan sati uku, damina ta kankama, lokacin da ko shinge ke tsiro, ceɗiya ta fara zubar da ganye. Kafin wata biyu ta zama ƙirare a tsaye. Ɓawonta ya dinga ɓallewa, wani baƙin ruwa mai ɗoyi yana tsatsowa daga gindin, gara ta hau. Baba ya kawo taki, ya sa aka yi mata ban ruwa, ya tofa addu'a. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya yana zagaya bishiya yana shafa ta, ni kuma ina leƙe ta taga ina duba ko rana ta fara sauka a filina. Wane irin ɗa ne wannan?

Ruwan sama ne ya wanke taɓon, ramukan suka bayyana, warin magani ya fito. Ba a jima ba aka lura galan ɗin Baffa babu komai a ciki alhali bai yi feshi ba tukuna. Sai mutane suka tuna bara Baffa ya taɓa cewa saiwar bishiyar tana tsaga masa katanga. Shi ke nan fa, tsegumi ya samu ƙafa. Baffa ya ce shi ma sai yanzu ya ga maganinsa ya ƙare, aka ce ai dole ya ce haka.

Yanzu ga wurin da ya fi ba ni ƙyamar kaina, wanda ko matata ba ta sani ba. Baba bai yarda da tsegumin nan da farko ba. Ya kira ni zaure bayan la'asar, mu biyu kawai, ya ce, "Kai da kullum kake kallon Turawan nan masu binciken laifi, me ka gani a wannan al'amari?" Allah ya buɗe mini ƙofa har ƙasa. Da na durƙusa a lokacin na ce Baba ni ne, da ya yi faɗa, ƙila ya yi wata bai amsa gaisuwata ba, da yanzu an wuce wurin. Amma me na yi? Gyara zama na yi. Na sanyaya murya irin ta mutanen da nake kallo, na ce, "Baba, su a wurinsu abu biyu ake dubawa: wa yake da abin da aka yi aikin da shi, kuma wa bishiyar ta tsone wa ido." Ban ambaci suna ba, kuma da wannan nake ta lallashin kaina. Ina amfanin rashin ambaton suna bayan na nuna da yatsa? Baba ya ce Allah ya yi mini albarka, in tashi in tafi.

Daren ranar kwanon tuwo ya fito daga sashen Baffa kamar kullum. Baba ya sa aka mayar da shi ba a ko buɗe ba. Washegari ma haka. A rana ta uku bai fito ba. Yau wata biyu ke nan kowannensu yana cin abinci shi kaɗai a ɗaki. A masallaci in Baba ya tsaya dama, Baffa ya koma hagu. Matan gidan da suke aron gishiri ta kan katanga yanzu sai su zagaya maƙwabta. 'Ya'yana suna tambayata me ya sa aka hana su shiga sashen Baffa, ina ce musu maganar manya ce.

Lambun fa, za ku ce? Ciyawar ta fito, tsilli-tsilli kamar kan mai makero. Awaki suka tura wayar suka cinye rabi. Kujerun rana ta gasa su sun yi rawaya, ba mai iya zama a kai bayan hantsi, ga warin ruɓaɓɓen gindin bishiya yana shigo mini har ɗaki. Dattawan da ke zama a ƙofar gidanmu sun koma ƙofar wani. Shirye-shiryen nan da nake hana kaina barci dominsu, yanzu in na ji kiɗan farkonsu kashe wayar nake yi. Ba su ne suka yi mini laifi ba, su bishiyar kakanninsu kewaye ta suke yi da ƙarfe suna alfahari da ita, na sha gani da idona. Ni dai na ɗebo kofi da kujera na baro hankalin a can. Biri ya ga ana aski ya ɗauki aska, wannan ni ne.

Maganar ta kai gaban dagaci, don Baba ya ce ba zai zauna zaure ɗaya da wanda ya kashe dashen ubansu ya kuma musa ba, a raba ƙofa. Dagaci ya yi ta ba da baki abin ya ƙi, sai ya sa ranar Juma'ar nan bayan masallaci, Baffa ya zo ya dafa Alƙur'ani a gaban dattawa. Da na ji haka har wani sanyi na ji, don ƙazantar zuciya irin tawa. Na ce ai zai rantse da gaskiyarsa, a ce ba a san wanda ya yi ba, kowa ya huta, ni ma in tsira.

Jiya da na taso daga makaranta na tarar da Baffa a bakin hanya yana jirana, ya jingine kekensa a jikin dutse. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Na sauka daga babur na gaishe shi, ya ce mu ɗan matsa gefe. Ya ce, "Ɗan nan, Allah ya sani ban taɓa bishiyar mahaifinmu ba. Amma na kwana ina tunani. In na dafa Littafi na wanke kaina, Yaya ya zama wanda ya yi wa ƙaninsa ƙazafi a bainar jama'a. Da shekarun nan nasa da hawan jinin nan, ba zai ƙara ɗaga kai a garin nan ba. Gara in ce ni ne, in durƙusa, ya samu wanda zai yafe wa." Na ce Baffa ai ƙarya ce za ka yi wa kanka. Ya ce ya tambayi liman, an ce masa ƙaryar sulhu ba ta da zunubi, kuma a kira shi mai kashe bishiya har ya mutu ya fi masa sauƙi a kan a binne ɗayansu suna gaba.

Sai ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce ni ne mai ilimin gidan, kuma Baba yana jin maganata fiye da ta kowa. "Ka raka ni ranar. Ka tsaya kusa da ni. Ban saba faɗar abin da ban yi ba, in murya ta sarƙe mini ka ƙarasa mini maganar." Jama'a, kun san abin da na ce? Na ce to, Baffa. Ya sa mini albarka, ya hau kekensa ya tafi, ni kuma na hau babur na nufi gida.

In na yi magana, Baba zai san ɗan da yake alfahari da shi ne ya kashe dashen ubansa, ya zauna a gabansa ya ɗora wa ƙaninsa, ya kuma karɓi albarka a kai. Ban san ko jikinsa zai ɗauka ba, ban san ko zai ƙara kirana ɗa ba. In na yi shiru, kwanon tuwo zai koma fitowa, gida ya haɗu, kowa ya ce alhamdulillahi, amma dattijo mai furfura zai sa gwiwa a ƙasa a gaban gari saboda laifina, ina tsaye a gefensa ina taya shi haɗa kalmomi. In faɗa wa Baffa tukuna? In sami Baba shi kaɗai? Ko in bari sai an taru in tashi in faɗa, kunyar ta zama tawa a inda aka shirya ta zama tasa?

Yau Laraba. Don Allah, me zan yi?